3.2 Kuɗi, Ma'aikata da Karatu a Ƙungiyar Ƙwallon Raga ta Mata ta Jami'ar Nebraska

Wannan sashe zai yi bayani kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar ƙwallon raga ta mata ta Jami'ar Nebraska da ke Amurka, domin a nuna cewa kuɗi da ma'aikata da karatu abubuwa ne da ba sa rabuwa.

Ta fuskar kuɗi, tushen al'amarin shi ne dokar ilimi ta 1972, wadda sashenta na tara ya haramta wa makarantun da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Wannan ya tilasta wa jami'o'i ware kuɗi domin wasannin mata. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi sun dogara ne ga aljihun jami'a, amma ita ta Nebraska tana samun kuɗin shiga mai yawa daga sayar da tikiti. Alal misali, a ranar 30 ga Agusta, 2023, mutum 92,003 ne suka kalli wasanta a filin Memorial.

Dangane da ma'aikata kuwa, ƙungiyar ta ci moriyar daɗewar masu horar da ita. Terry Pettit ya riƙe ta daga 1977 zuwa 1999, John Cook ya gaje shi a 2000, sannan Dani Busboom Kelly ta karɓa a 2025. A zamanin na farkon biyu ne aka ci kofin ƙasa sau 5, wato a 1995, 2000, 2006, 2015 da 2017. Ban da masu horarwa, akwai masu kula da lafiyar 'yan wasa da masu ba su shawara kan karatu.

Ta ɓangaren karatu, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ƙayyade cewa atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako a lokacin gasa. Haka kuma dole ɗaliba ta kammala kashi 40 cikin 100 na kwasa-kwasan digirinta kafin ta shiga shekara ta uku, in ba haka ba a hana ta wasa.

Ke nan, duk yawan kuɗin ƙungiya da ƙwarewar masu horarwa, ɗalibar da ta yi sakaci da littafi ba za ta taka fili ba.