Mota Ta Yi Zafi Ta Ƙi Tashi: Me Za A Duba?

'Yan'uwa manoma, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da tumatirin rani yake fitowa daga fadamun Ikara, ana kuma jigilar rake zuwa kasuwar Makarfi, a lokacin ne muka fi ganin motoci tsaye a bakin hanya da bonet a buɗe. Ga zafin rana, ga kaya sun fi ƙarfin mota, ga direba yana sauri kada tumatir ya ruɓe.

Mu ma abin ya taɓa shafarmu. Wata ƙungiyar manoma da muke aiki da ita tana da tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ta ɗauko kwanduna daga Kudan za ta Zariya, ba ta kai Hunkuyi ba tururi ya turnuƙe, inji ya mutu. Nan da nan aka ɗebo ruwan rafi aka antaya mata, aka yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare, daga nan aka koma turi. Tiyo ɗaya ne ya fashe da farko. Amma kafin gari ya waye aikin ya zama na sauke inji, kuɗin takin da aka tara ya tafi gareji. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani.

Abu na farko shi ne haƙuri. A bar mota ta huce, ko da awa guda. Kada a buɗe murfin lagireto tana da zafi. Murfin nan yana danne ruwa har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, da an buɗe kuwa sai ya yi tsalle ya ƙone fuska da hannu. Kada kuma a zuba ruwan sanyi a injin da ya yi jawur. Duk wadda ta taɓa zuba ruwa a tukunyar ƙasa mai zafi ta san abin da ke biyo baya. Haka kan inji yake tsagewa, wanda makanikai ke kira tof silinda.

Bayan ta huce, a murɗa makulli sau ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan, a kasa kunne. Ƙarar da aka ji ita za ta nuna inda za a nufa.

In an ji ƙas kawai, inji bai juya ba, kada a yi saurin cewa inji ya buga. A kunna fitila, a danna oda. In sun yi rauni, wataƙila batir ne. In batir na da ƙarfi, a cire giya, a sa sifana a kan babban noti na fuli da ke gaban inji, a gwada juya shi da hannu. In ya ƙi, a kwance fulogi duka a sake gwadawa. Sau da yawa a nan ne ruwa zai tsarto daga rami ɗaya. Ma'anarsa gasket ya ƙone, ruwa ya cika silinda. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa, saboda haka wanda ya tura irin wannan mota da ƙarfi zai lanƙwashe konrod. Abin da ya sami a-kori-kurar da muka ambata ke nan. In kuwa an cire fulogi, babu ruwa, inji kuma ya ƙi motsi, to, fistin ya kumbura ya kama jikin silinda. Wannan ba aikin bakin hanya ba ne.

Wani lokaci kuma inji zai juya, amma da sauri da sauƙi, kamar keken ɗinki, babu wannan nishi da aka saba ji. A nan muke so a fi lura, domin shi ya fi yawa bayan zafi mai tsanani, shi ne kuma ya fi ruɗin mutane. Suna jin yana juyawa sai su ce saura kaɗan. Alhali matsin da ke cikin silinda ne ya zube, in babu matsi kuwa fetur ba zai kama ba. Dalili shi ne, kan injin yawancin motocinmu na alminiyam ne, gindin kuma na baƙin ƙarfe. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai kan ya karkace, gasket ɗin da ke tsakani ya saki.

A zaro sandar awon baƙin mai a duba. In mai ya koma kamar shayi da madara, ko ya ƙaru fiye da yadda aka zuba, ruwa ya shiga. A cika lagireto, a bar shi a buɗe, wani ya murɗa makulli. In ruwa yana ɓulɓulowa, gasket ne. Fulogi ma yana ba da shaida: wanda ya fito fes kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa suna da baƙi, tururi ne ya wanke shi. Makaniken da yake da geji zai auna matsi. Lafiyayyen injin fetur yakan nuna 120 zuwa 180 a ma'aunin psi, silindoji kuma su yi kusan daidai da juna. In biyu da ke maƙwabtaka sun faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. In an ɗiga cokali ɗaya na baƙin mai a rami, awo ya tashi, to, ringi ne suka mutu. A tuna kuma, a motoci irin su Golf, tsinkewar bel ɗin taimin ma tana ba da wannan ƙara.

In inji yana juyawa da nauyinsa yadda ya saba, a gode wa Allah, abin da sauƙi. Wataƙila fetur ne ya zama tururi a kafireto, hucewa kaɗai za ta gyara shi. Ko tururi ya jiƙa distirbuto, ko zafi ya narkar da waya, ko kwayil ya mutu. A motocin zamani, na'urar da ke karanta juyawar inji takan mutu da zafi, sai wuta ta ɗauke.

Ko da ta tashi, kada a kama hanya sai an gano abin da ya kawo zafin. A duba fambel, tiyo, wata famfo, fanka, da gaban lagireto, inda ƙurar hunturu da ganyen rake suke toshewa. Kada a dogara ga allurar zafi kaɗai, domin in ruwa ya ƙare ƙaf takan sauko, direba ya zaci an samu lafiya. Mu dai ba mu yarda da al'adar cire tamostat a jefar ba. In ya lalace a sa sabo, cire shi ba ya wanke lagireton da lakar rafi ta toshe.

A gareji kuma, kada a yarda a sa sabon gasket ba a auna kan inji ba. A ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a gani. Karkacewar da ta kai kaurin takarda ɗaya ta isa a kai shi a goge, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma ba zai daɗe ba. A kuma juye baƙin mai da filta in ruwa ya shiga.

Game da kaya kuwa, da zarar an ga ruwa a silinda ko mai ya yi fari, a nemi wata mota a juye tumatir tun da sauran rana. Ita kuma a cire mata giya a ja ta zuwa gareji.