Sakan Ɗaya Da Ya Daskarar Da Kwamfutocin Duniya

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar zamani a Yalwan Damai, ko ya tsaya gaban mai na'urar cirar kuɗi a Birnin Kudu ko Gwaram, ya san yadda na'ura kan tsaya cak ana tsakiyar aiki. A danna nan, a danna can, shiru. Daga nan sai a kashe ta a sake kunnawa, in ta tashi a ce an dace. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace daskarewa tana da dalili, kuma akwai masanan da aikinsu ke nan, bin sawun wannan dalili har inda ya kwanta.

Mene Ne Kanel?

Kowace kwamfuta, har da wayar hannu, tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. A tsakiyar wannan manhaja akwai wani sashe da ake kira kanel, wato ƙwayarta. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa a ƙasan ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani yanki mai kula da numfashi da bugun zuciya, ko mutum yana barci ko yana farke. Haka kanel yake ga na'ura. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi ne kuma mai riƙe da agogo. Idan ƙaramar manhaja ta lalace, sai a rufe ta a ci gaba. Idan kuwa kanel ne ya rikice, komai ya tsaya.

Wayoyin Android, waɗanda su suka fi yawa a hannun jama'a a ƙasar Hausa, suna aiki ne da kanel mai suna Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya ba da sanarwar fara gina shi ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa. Tun daga nan dubban mutane suke sa masa hannu, har kowane sabon zubi nasa kan zo da canje-canje fiye da 10,000. A cikin irin wannan tarin, canji guda ya isa ya jawo masifa.

Daren 30 Ga Yuni, 2012

Juyawar duniya ba ta tafiya daidai wa daida, alhali agogon atam, wanda ake auna lokacin duniya da shi, ba ya kuskure. Domin kada su yi nisa da juna, tun daga 1972 akan ƙara sakan ɗaya jefi-jefi, kamar yadda ake ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba, 2016.

Ɗaya daga cikin waɗannan ƙare-ƙare ya faɗo a ƙarshen ranar Asabar, 30 ga Yuni, 2012, daidai gab da ƙarfe ɗaya na daren Lahadi a agogon Nijeriya. Nan take manyan kwamfutoci masu amfani da Linux suka fara nauyi, wasu suka daina amsawa. Shafukan intanet irin su Reddit da LinkedIn da Mozilla suka sami tangarɗa. Tsarin Amadeus, wanda kamfanonin jiragen sama ke tantance fasinjoji da shi, ya tsaya, har ma'aikatan kamfanin Qantas a Ostareliya suka koma yin aikin da hannu, jirage suka makara.

Bin Sawu

Matakin farko a irin wannan bincike ɗaya ne da na likita, wato duba alamu. Daskarewa iri biyu ce. Akwai wadda ayyuka biyu ke jiran juna har abada, kamar mata biyu masu son daka, ɗaya ta riƙe turmi, ɗaya ta riƙe taɓarya, kowacce ta ce sai an miƙo mata. A nan na'ura ba ta yin komai. Akwai kuma wadda na'ura ke ta aiki haiƙan amma ba ta cim ma komai. Ta biyun ce aka gani a wannan dare, domin injinan lissafin kwamfutocin sun cika maƙil da aiki, musamman inda ake amfani da Java da MySQL.

Alama ta biyu ita ce ta fi nuna hanya. Ma'aikata sun lura cewa idan aka umarci kwamfuta ta sake saita agogonta, ko da a kan lokacin da take nunawa ne, sai ta warware nan take. Tambayar da ta taso ita ce: mene ne saita agogo da hannu yake yi wanda ƙarin sakan bai yi ba?

John Stultz, ɗaya daga cikin masu kula da sashen agogo na Linux, shi ya fito da bayanin. A cikin kanel akwai sashen da ke riƙe da lokaci, akwai kuma wani sashen daban mai tayar da manhajojin da suka nemi ɗan hutu. Duk sanda aka saita agogo da hannu, akan sanar da mai tayarwar. Amma da aka mayar da agogo baya da sakan ɗaya domin shigar da ƙarin, ba a sanar da shi ba, saboda haka ya zama yana gaba da sakan guda. Duk manhajar da ta ce a tashe ta bayan rabin sakan, sai ya ga ai lokacin ya riga ya wuce, ya tashe ta nan take. Ta sake neman hutu, ya sake tashinta, haka dai ba iyaka.

Da aka duba tarihin canje-canje, sai aka iske cewa a da akwai wannan sanarwa. A shekarar 2007 aka cire ta da gangan, domin an gano tana iya haddasa daskarewa irin ta turmi da taɓarya. Wato garin neman gira aka kusa rasa ido. Manoman gero da dawa sun san irin wannan ɓoyayyen abokin gaba. Irin ƙuduji yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Haka wannan kuskure ya kwanta, domin tsakanin 2007 da 2012 sau ɗaya kacal aka ƙara sakan, a ƙarshen 2008, kuma bai bayyana ƙarara ba sai a 2012.

Bayani kaɗai ba ya wadatarwa a kimiyya, sai an gwada. Stultz ya rubuta wata 'yar manhaja mai sa kwamfuta ta riƙa fuskantar ƙarin sakan a kai a kai, ba sai an jira shekaru ba. Da ita aka iya tayar da cutar da gangan, aka kuma tabbatar da magani. A cikin watan Yuli na 2012 aka shigar da gyaran: an maido da sanarwar, amma ana ɗan jinkirta ta zuwa lokacin da ba za ta haddasa waccan daskarewa ta farko ba.

Dabarar Rabawa Biyu

Ba kullum alamu ke nuna hanya haka ba. Sau da yawa abin da aka sani kawai shi ne tsohon zubi yana aiki, sabo kuwa yana daskarewa. A nan masana kan yi amfani da Git, manhajar da Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke ajiye kowane canji bi da bi. Sai a ɗauki na tsakiya a gwada. In na'ura ta daskare, laifin yana cikin rabin farko, in ta yi lafiya, yana cikin na biyu. Sai a sake raba rabin da ake zargi. Ta haka canje-canje 16,000 ba sa buƙatar gwaji fiye da 14. Sharaɗin dai shi ne a iya tayar da matsalar duk sanda aka so, domin gwaji ɗaya na ƙarya ya isa ya ɓatar da mai bincike.

Malami zai iya nuna wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. Ɗalibi ya riƙe wata lamba a zuci tsakanin 1 da 1,000, sauran su riƙa tambaya ko ta haura rabi. Tambaya goma ta isa.

Kammalawa

A shekarar 2022 babban taron ƙasashe kan awo da ma'auni, wanda aka yi a Faransa, ya yanke shawarar daina ƙarin sakan nan da 2035. Amma canje-canje ga kanel ba za su tsaya ba, kuma asibitoci da bankuna da cibiyoyin jarrabawa sai ƙara dogara suke yi da kwamfuta. Don haka ɗalibin da na'ura ta daskare masa ya saba da yi wa kansa tambaya uku: me ya canza kwanan nan, me ake yi sanda ta tsaya, kuma za a iya sa ta maimaita? Wanda ya rubuta amsoshin nan, ya riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, ya kama hanyar da masana suka bi a 2012.