Kalmar "Rough": Asalinta, Ma'anoninta da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

Gabatarwa

Fassara ɗaya ce daga cikin sassan darasin Hausa a babbar sakandare, kuma ana gwada ɗalibai a kanta a jarrabawar WAEC da NECO. Babbar matsalar ɗalibi a wannan fanni ita ce ɗaukar cewa kowace kalmar Ingilishi tana da takwara guda a Hausa. Wannan maƙala ta ɗauki sifar nan "rough" domin nuna illar wannan zato, saboda akasari "kaushi" kaɗai ɗalibi ya sani a matsayin ma'anarta.

Asalin Kalmar da Furucinta

Kalmar ba aro ba ce daga Latin ko Faransanci. Ta samo asali daga tsohon Ingilishi, inda ake rubuta ta "ruh", kuma ana siffanta abu mai gashi buzu-buzu da ita, kamar fata ko tufa. Tana da 'yan'uwa a harsunan dangi, wato "rau" a Jamusanci da "ruw" a harshen Holan.

A da, ana furta ƙarshen kalmar da sauti ɗan hanɗa mai zuza. Daga baya furucin ya koma "f", amma rubutu bai bi shi ba, domin ƙa'idojin rubutu sun soma daidaita bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476. Shi ya sa haruffan "gh" ke ba da sautin "f" a "rough", "tough" da "enough", alhali ba a furta su a "though" da "through". Bugu da ƙari, Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta "f", shi kuwa Bature da leɓen ƙasa da haƙoran sama. Wajibi ne malami ya nuna wannan bambanci a aikace.

Ma'anoni da Yadda Ake Amfani da Ita

Ma'anar farko ita ce ta abin da hannu ke ji, wato kishiyar santsi. A nan "kaushi" ta dace, kamar a fata mai kaushi. To amma da zarar sunan da ake siffantawa ya sauya, sai Hausa ta nemi wata kalma. "Rough road" hanya ce mai gargada, "rough sea" kuwa teku ce da igiyar ruwa ta tashi a cikinta.

Ma'ana ta biyu ta shafi abin da ba a kammala ba. "Rough estimate" ƙiyasi ne, "rough draft" kuma daftarin farko.

Ma'ana ta uku ta shafi hali da mu'amala. Ana siffanta mai kaushin hali da ita, da wasan da aka sa ƙarfi fiye da kima, da unguwar da faɗace-faɗace suka yi yawa. Idan aka ce mutum ya shiga "rough time", ana nufin ya sha wuya. Karin maganar nan "rough diamond" kuwa yabo ne ga mutumin kirki wanda bai goge ba.

Akwai wani tarko da ya kamata a kula da shi. "Rough voice" murya ce da ta dushe. Ɗalibin da ya fassara ta da "kakkausar murya" ya kauce, domin Hausawa na amfani da wannan ne wajen tsawatarwa ko yin tir da wani abu. Har ila yau, a Ingilishin Nijeriya ana kiran rigar da ta yamutse "rough", alhali "creased" ko "rumpled" aka fi sani a Ingila.

Shawarwari ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

Na farko, a koyar da kalmar tare da sunan da take siffantawa, kada a ba da ita tilo a jerin kalmomi. Na biyu, a nuna wa ɗalibi cewa Hausa takan bayyana sifar Ingilishi ta amfani da "mai" da suna, ko da aikatau, ko ma da suna guda kamar "ƙiyasi". Na uku, a horar da shi duba ƙamus ta fuska biyu: ya nemi kalmar a ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, sannan ya tantance abin da ya samu a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Kammalawa

Abin da ya tabbata game da "rough" ya shafi sauran sifofi masu ma'anoni da yawa, irin su "hard" da "fine". Saboda haka ya kamata manhaja ta ware musu darasi na musamman, ta yadda ɗalibi zai saba da tambayar kansa abin da ake siffantawa kafin ya zaɓi kalmar Hausa.