Firgici bayan yaƙi: Inda gani bai kori ji ba

Tun daga watan Disamba na 2023 da dakarun RSF suka kama Wad Madani, har zuwa Janairun 2025 da sojojin Sudan suka ƙwato birnin, jama'ar Jazira, ciki har da 'yan uwanmu Hausawan Haj Abdalla da ƙauyukan kewaye, sun ga tashin hankali. Irin wannan kan bar tabon da ido ba ya gani: yaro ya riƙa zabura cikin barci, magidanci ya ji an buga ƙofa gabansa ya faɗi. Ba mamaki wasu iyalai su yi tunanin sayar da ɗan abin da ya rage domin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a ga ciwon ƙiri-ƙiri, tunda an ce gani ya kori ji. To amma a wannan fage ba haka maganar take ba.

Ya kamata mu bambanta hoto iri biyu. Akwai MRI na yau da kullum, wanda ke nuna ƙari ko rauni ko shanyewar ɓarin jiki, kuma amfaninsa ba ya musantuwa. Sannan akwai fMRI, wanda ake cewa yana nuna ƙwaƙwalwa tana aiki. Tushensa binciken wani masani ɗan Japan ne, Seiji Ogawa, a Amurka a 1990. Na'urar ba tunani take gani ba, canjin iskar oksijin a cikin jini take aunawa, canjin da sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙarshen ƙarfinsa.

Babbar matsalar ita ce wurin da sassan tsoro da fushi suke. Amigdala, wata 'yar tsoka da ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa mai kwari ba, tana can ƙasan ƙwaƙwalwa, kusa da kogunan iska na bayan hanci. Haka ma sashen da ke saman idanu. Inda iska ta yi maƙwabtaka da tsoka, ƙarfin maganaɗisun na'urar yakan karkace, sai hoton ya dusashe ko ya murɗe. Abin mamaki, na'ura mai ƙarfin Tesla 3 ta fi mai 1.5 fama da wannan. Ƙari a kan haka, masana a Biyana ta ƙasar Ostiriya sun nuna a 2015 cewa wata babbar jijiyar jini da ke gilmawa kusa da amigdala na iya ba da alamar da za a ɗauka ta amigdalar ce.

A 2020, masanan Jami'ar Duke ta Amurka sun tattara gwaje-gwaje 90, suka gano cewa in an auna mutum ɗaya sau biyu, sakamakon ba ya daidaituwa yadda za a dogara da shi. Tun a 2009 ma wani mai bincike, Craig Bennett, ya sa mataccen kifi a cikin na'urar, ya nuna masa hotunan mutane, kuma aka ga alamar "aiki" a ƙwaƙwalwarsa, don kawai ya nuna yadda sakaci wajen lissafi ke haifar da ƙarya.

Masana na rage matsalar ta hanyar ɗaukar hoton siriri-siriri da karkata kusurwarsa, kuma dabarar na da amfani wajen nazarin mutane masu yawa a haɗe. Amma har yau ba da ita ake gano ciwon firgici ko damuwa a jikin mutum ɗaya ba. Da sauraro da tambayoyi likita ke gano shi.

Sudan kuwa tana da tarihi a nan. Marigayi Tijjani Al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan ƙasar, wanda ya rasu a 1970, ya yi suna wajen aiki tare da malamai da iyalan marasa lafiya. Don haka kiranmu ga iyaye shi ne, a kai mai firgita wurin ma'aikacin lafiya, a bar shi ya faɗi abin da ke damunsa. In kuma an ɗauki hoto ba a ga komai ba, kada a ce ƙarya yake yi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da Sudan lafiya.