Halittun da ke cikin ƙasa: dukiyar noman da ba a ƙirgawa a masarautar Kazaure

Duk damina, muhawarar noma a Jigawa takan tsaya ne a kan buhunan takin zamani: nawa aka raba, wa ya samu. Ba kasafai ake tambayar ko ƙasar da za a zuba wa takin tana da rai ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke rayuwa. Su ne tana, gara, fumfuna da bakteriya, masu narkar da kara da kashin dabbobi su zama abincin shuka, su kuma huda ƙasa ruwa ya shige. A gonakin jigawa na Achilafiya, Gwiwa da Babura, inda rairayi ya yi yawa, idan suka ragu, ruwan sama kan tafi da takin kafin saiwa ta sha. Daga nan sai wuta-wuta ta mamaye gero da dawa.

Yadda ake aunawa

Manomi na iya tuge wake ko gyaɗa ya fasa ƙananan ƙullin da ke jikin saiwar. In cikinsu ja ne, bakteriyar da ke janyo naitirojin daga iska tana aiki. Masana kuma sukan haƙa rami mai faɗin santimita 25, su ƙirga halittun da ido ke gani, sannan su auna kabon a ɗakin gwaji. A yawancin gonakin tudu na Arewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Yadda ake farfaɗowa

Maganin ba baƙo ba ne: daina ƙone sauran amfanin gona, zuba takin gargajiya, haɗa gero da wake, da barin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina. A jihar Maraɗi, barin kututture ya sake tofo tun shekarun 1980 ya dawo da itatuwa gonaki. Ƙalubalen shi ne kara da harawa abincin dabbobi ne, kuma ana sayar da su.

A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a Arewa, kuma Jigawa na ciki. Ya kamata matasa su tambayi hukumar JARDA da wakilansu: gonaki nawa aka auna ƙasarsu a masarautar, kuma ina sakamakon yake?