Sassaƙa da Injin Juya Itace: A Ɗaure Kafin a Kunna

Idan aka kammala girbin gero da wake a ƙasar Katagum, matasa da yawa kan nemi sana'ar rani a Azare. Sassaƙa tana daga cikin waɗanda ke da kasuwa, domin ba gidan manomin da zai rasa buƙatar ƙotar fartanya, taɓarya ko muciya. Gizago shi ne kayan aikin masassaƙin gargajiya, amma injin da ke juya itace ya fi sauri da daidaito. Sai dai babban haɗarinsa ga mai koyo shi ne itacen da ya kuɓuce yana tsakar juyawa, ya doki fuska.

Zaɓen itace

Marke da ƙirya suna da ƙarfi, amma mai koyo ya fara da darbejiya, wadda ta fi sauƙin aiki. A guji itace mai tsagu, ko gaɓa, ko cin gara. Ɗanyen itace kan tsage da iskar hunturu, saboda haka a busar da shi a inuwa.

Yadda ake ɗaurewa

A yanke bakunan biyu daidai, a nemo tsakiyar kowanne, a yi alama da ƙusa. A buga ƙarfen mai haƙora a baki ɗaya har ya kama sosai, sannan a matso da tsinin ɗaya gefen, a matse, a kulle. A kawo madogarar kurfi kusa da itacen, kimanin milimita 3, a juya shi da hannu don tabbatar da cewa bai taɓa komai ba. A fara da gudu mafi ƙanƙanta, ana tsaye a gefe. Gwargwadon kaurin itace, gwargwadon rage gudu. Bayan 'yan mintoci a tsayar a ƙara matsewa, domin haƙoran kan nutse cikin itacen, kamun ya yi sako-sako.

Kariya

Kada a yi aiki da babbar riga ko safar hannu. A sanya garkuwar fuska da takunkumin ƙura. Idan aka ɗauke wuta, a kashe makunnin nan take, kada ta dawo hannu yana kan itace.

Ana shawartar malaman gona su haɗa masu koyo da ƙwararrun kafintoci, su kuma ƙarfafa dasa itatuwa a madadin waɗanda aka sare. Manomin da ya ji rauni da rani, gonarsa ce za ta kwana da damina.