Jigon Ƙwallafa Rai a Fina-Finan Al'ajabi

1.0 Gabatarwa

Malamin da ya je gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa, zai tarar ɗalibansa sun riga sun ƙoshi da kallon fim tun kafin su buɗe littafin adabi. Da yawansu sun saba da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, a gidajen kallo da kuma wayoyin hannu. Sai dai idan aka tambaye su jigon fim ɗin da aljani ko tsafi ya fito a ciki, amsar da aka fi ji ita ce "tsafi". Wannan kuskure ne, domin tsafi kayan aikin labari ne kawai. A nan za a nuna cewa jigon da yakan ɓuya a bayan abin mamakin shi ne ƙwallafa rai.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Fim ɗin al'ajabi shi ne wanda aka gina labarinsa a kan abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar rikiɗa da aljanu da zoben tsafi. Tushensa ɗaya da tatsuniya, shi ya sa bai zo wa Bahaushe a baƙo ba.

Ƙwallafa rai kuwa shi ne mutum ya ɗora zuciyarsa a kan abu guda, har ya rufe ido ga komai da kowa. Ya bambanta da himma. Mai himma shi yake jan burinsa, mai ƙwallafa rai kuwa burinsa ke jan sa.

3.0 Misalai

3.1 Ƙwallafa Rai Kan Fansa

A fim ɗin Indiya mai suna Nagin, wanda Rajkumar Kohli ya ba da umarni a 1976, wata macijiya mai rikiɗa mutum ta rasa mijinta bayan wani ya harbe shi. Sai ta shiga bin wanda ya yi harbin da abokansa tana kashewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ware mai laifi da marar laifi ba. Da farko mai kallo yana tausaya mata, amma yayin da gawawwaki suka yawaita sai tausayin ya koma tsoro. Daga ƙarshe ita ma ta halaka.

3.2 Ƙwallafa Rai Kan Mulki

A Nagina na 1986, Amrish Puri ya fito a matsayin boka mai neman wani dutse mai daraja da zai ba shi iko a kan duniya. Duk iliminsa a kan wannan dutse ya ƙare, kuma neman ne ya kai shi ga ajalinsa.

3.3 Ƙwallafa Rai Kan Mallaka

A jerin fina-finan The Lord of the Rings guda 3, waɗanda Peter Jackson ya fitar daga 2001 zuwa 2003, akwai Gollum. Ya kashe abokinsa saboda zobe, ya ƙaurace wa jama'a, ya zauna cikin kogo ɗaruruwan shekaru har halittarsa ta jirkice. Da zoben ya koma hannunsa, tare suka faɗa cikin wutar dutse yana murna. A nan abin al'ajabin ya yi aikin madubi: munin da ke zuciya ne aka fito da shi a jiki domin ido ya gani.

3.4 Misali Daga Gida

Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a 1934, kuma an mayar da shi fim a 1989. Alhaji Imam ya bar gida ya shafe shekaru yana neman wani ruwa da jama'a suke ganin babu shi. A zahiri wannan ya yi kama da ƙwallafa rai. Amma abin da ya fitar da shi shi ne wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, da kuma samo wa ɗan sarki magani. Da ya sami ruwan ya komo gida, aka amfana. Saboda haka nasa himma ce, ko da yake halinsa bai rasa aibi ba.

4.0 Yadda Za A Gane Jigon

Malami zai iya ɗora ɗalibai a kan tambayoyi 3:

1. Don wa tauraro yake neman abin, don kansa ko don jama'a?
2. Me ya sadaukar a kan hanya: hutunsa da dukiyarsa, ko ran wani da mutuncinsa?
3. Da ya sami abin, ya natsu ya komo cikin mutane, ko kuwa ya halaka?

Idan ɗalibi ya auna Alhaji Imam da Gollum a wannan ma'auni, zai ga dukansu sun yi naci, amma ɗaya ya komo da waraka, ɗaya ya tafi da abin da ya ci shi. Bahaushe ya daɗe da taƙaita wannan da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma garin neman gira akan rasa ido. Haɗamar Gizo a tatsuniya ma nan ta dosa.

5.0 Kammalawa

Aljani da zobe da macijiya ado ne da ke jan hankalin mai kallo, saƙon kuwa yana cikin halin ɗan Adam. Ɗalibin da ya iya raba ado da saƙo a fim zai iya raba su a ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, sannan zai iya bambance himma da ƙwallafa rai a tasa rayuwar. Ya kamata malami ya fara kallon fim da kansa kafin ya kawo shi aji, domin ba kowane ne ya dace da yara ba.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin himma da ƙwallafa rai tare da misalai.
2. Me ya sa ba za a kira tsafi jigo ba a fim ɗin Nagina?
3. Kawo wata tatsuniya daga garinku, ka auna tauraronta da tambayoyin sashe na 4.0.